Tambayar Da Kika Yi A Bakin Kabarin Iliya

Zuwa ga ɗiyata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, motar Funtuwa ba ta jijjiga ki da yawa ba, jirgin ƙasa kuma ya kai ki ba ki ɓatar da ko allura ba. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar nan ta koyon jinya, ya tsare ki daga ciwon baƙon wuri da ruwan da cikinki bai saba da shi ba. Innarki tana gaishe ki. Ita ce ta cusa takardar a ƙarƙashin zannuwanki, don na ce kada ki gan ta sai kin yi nisa.

Kada ki nemi labarin gida a ciki, yadda kika bar shi haka yake. Magana ce da na kasa faɗa miki baki da baki. Sau uku ina kiran ki zaure a makon nan, in kin zo kin durƙusa sai in ce ki kawo mini ruwa. Na san kin ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne, kunya ce. Ki yi haƙuri da rubutun kuma, kin san da gemu na koye shi.

Maganar bakinki ce, Hannatu. Shekara tara ke nan ban ji muryarki cikin addu'a ba. Kina zuwa sujada, kina waƙa, kina sunkuyar da kai tare da kowa. Amma in aka ce, "Hannatu, yi mana addu'a," sai ki ce maƙogwaronki na ciwo, ko ki tashi duba tukunya. Mutane suna yabon ki wai kina da kawaici. Ni na san abin da ya rufe bakin nan, don hannuna ne ya rufe shi. Yanzu ga shi za ki shiga aikin da yara za su riƙa cikawa a hannunki, iyayensu suna kallon fuskarki. In kika shiga wannan aiki ba kya magana da Allah, ban san abin da zai riƙe ki ba, kuma alhakin yana wuyana.

Bari in faro daga inda na fara karkacewa. Kakanki Bamaguje ne, kin sani. Kowace shekara kafin shuka yakan yanka jan zakara a gindin tsamiyar bayan gidanmu na Wurma. Ƙa'idar a fili take, ka ba da jini, a tsare maka gida. Da Malam Ishaya mai bishara ya fara zuwa unguwarmu a kan kekensa, ni ne na fara ba da gaskiya, ni ne na fara shiga ruwan baftisma. Da gaske na yi, ba na musun wannan. Amma tunanin gindin tsamiya bai fita kaina ba. A ganina na daina giya, na daina tsafi, ina buga ƙarfen majami'a kowace safiya ina tara mutane, to sauran aiki na Allah ne, ya tsare mini gida.

Kuma sai aka yi shekaru gidan yana tsare. Damina tana kyau, rumbu yana cika, ke da ƙanenki Iliya kuna ta girma ba ko tari. Sai na fara cika baki. Wata ranar kasuwar Kurfi ina zaune a rumfar Malam Sule mai hatsi, maƙwabcinmu, ga Baffa Tanko ƙanen kakanki wanda har yau bai bar tsamiya ba, sai na buɗe baki na ce tunda na bi Yesu ko kaza ba ta mutu a gidana ba. Malam Sule ya ɗago daga awon da yake yi ya ce, "Bawa, ka dai ce Allah ya ƙara tsarewa." Baffa Tanko ya tofar da tabar bakinsa ya ce, "Za mu gani." Ni kuwa na yi dariya, na sake maimaitawa da ƙarfi don na rumfar gaba su ji.

Kada ki mai da Ubangiji laya, ɗiyata. Bai taɓa yi mana alkawarin cewa ciwo zai tsallake ƙofarmu ya shiga ta maƙwabci ba. Shi da kansa an yi masa bulala, an rataye shi. In kika ga alheri ki gode ki yi shiru, kada ki ɗauke shi ki riƙa dukan mutane da shi a kasuwa yadda ubanki ya yi.

Bazarar da kika cika shekara tara baƙon dauro ya shigo unguwa. Ya kama Iliya yana da shekara huɗu. Aka yi masa yadda ake yi a ƙauye, aka kulle shi a ɗaki, kada ruwa ya taɓa shi, kada a ambaci ciwon da ƙarfi. Ke ce kika goye shi tun yana jariri har bayanki ya saba da nauyinsa, aka hana ki shiga. Kwana uku ina ganin ki a bayan rumbu kin durƙusa cikin rana kina ta motsa baki. Ciwon ya sauka masa a ƙirji. Rana ta huɗu na saɓa shi a kafaɗa, innarki na biye, muka kama hanyar Dutsin-Ma a ƙafa don a yi masa allura. Mun hango dutsen ke nan innarki ta ce, "Maigida, tsaya." Na tsaya. Ta taɓa ƙafarsa, ta kwance mayafinta ta rufe shi, muka juyo.

Abin da ya faru a bakin kabari ba sai na tuna miki ba, amma zan rubuta shi, don ban taɓa furta shi da bakina ba.

Malam Ishaya yana can wani ƙauye, sai ni na tsaya yin addu'a. Mutane sun taru, masu bi da Musulmi da Maguzawa, Baffa Tanko yana tsaye daf da ni yana kallon fuskata. Abin da ke raina a lokacin, Allah ya gafarta mini, ba yaron da ke cikin rami ba ne. Maganar kasuwar Kurfi ce. Na ce a raina ba za su ga hawayena ba, ba za su ce Allahn Bawa ya kunyata shi ba. Na ɗaga murya na yi ta jero godiya, mun gode, mun gode, kamar wanda aka yi wa kyautar bijimi. Ban san kin biyo mu ba. Sai na ji muryarki daga bayan mutane, kina kuka kina cewa, "Yesu, kwana uku ina roƙon ka. Me ya sa ba ka ji ba?"

Na ratsa mutane na same ki, na kai miki bayan hannu a baki. Na ce, "Ba a yi wa Allah tambaya." Leɓenki ya fashe a kan haƙori, jini ya zubo a wuyan rigarki. Ba ki ƙara ko uffan ba, kukan ma kika haɗiye shi. Malam Sule ya kau da kai. Wasu dattawa suka gyaɗa kai wai na iya tarbiyya, ni kuma na koma na ƙarasa godiyata. Tabon yana nan a leɓenki na sama. Duk ranar da kika miƙo mini tuwo sai na gan shi, shi ya sa nake karɓa ina kallon ƙasa.

Ki ji abin da zan faɗa miki da kyau. A cikin dukan maganganun da aka yi a bakin ramin nan, taki ce kaɗai addu'a. Ke da Allah kike magana, ni da Baffa Tanko nake yi. Ba sunan Allah na kare da marin nan ba, sunana na kare. Ranar da wahala ta same ki a can, kuma za ta same ki, ki faɗa wa Allah abin da ke cikinki yadda yake. In tambaya ce ki yi ta, in kuka ne ki yi shi, in ma fushi ne ki kai masa shi. Godiyar da aka yi don idon mutane ba ta wuce rufin ɗaki.

Bayan nan sai na shiga gaba da Allah, irin gabar da talaka yake yi da dagaci. Kin san yadda muke yi. A je a faɗi a yi gaisuwa, a ce ranka ya daɗe, a ce lafiya lau, a tashi a kakkaɓe gwiwa, in an dawo gida a sauke haushin a kan iyali. Haka na yi da Ubangiji damina biyu cur. Ban fasa buga ƙarfe ba ko rana ɗaya. Ina tsayawa gaban jama'a in yi addu'a mai tsawo har mata su riƙa cewa Bawa ya iya haƙuri, a yi koyi da Bawa. A cikina kuwa ko kalma ɗaya ban ce masa ba. Ke kin tuna yadda gidan ya zama. In na shigo kowa ya kama kansa, ko kwano ne ya faɗi sai na yi faɗa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Da innarki ta samu cikin Rahila, tsoro ya kama ni. Baffa Tanko ya zo ya zauna a zaure yana kewaye-kewaye, wai tsamiya ta daɗe ba ta ga jinin gidan nan ba. Na ce masa ni mai bi ne, ya bar wannan magana. Amma da zai tafi sai na kama jan zakaranmu na miƙa masa, na ce, "Baffa, ga wannan a yi maka miya." Ya dube ni, na dube shi. Ni da shi duk mun san ba tukunya zakaran zai shiga ba. Washegari na buga ƙarfe kamar kullum. Kin ga abin da shiru yake haifarwa. Wanda ya daina kai kukansa wurin Allah ba ya daina kukan, wani wuri yake kai shi a ɓoye. In tsoro ya kama ki, kada ki bi ta bayan gida irin tawa, ki tsaya a gabansa ki ce masa tsoro nake ji.

Innarki ce ta karya ni, kuma ba da niyya ba. Lokacin noman maimai ne, gero ya kai ƙugu. Da hantsi fartanyata ta kwance, na bi ta ƙarshen gona in sari icce in gyara ƙotar. Sai na ji murya a cikin geron. Na ɗauka faɗa take da wata. Na matsa, na gan ta zaune a kan kunya, Rahila a baya, ita kaɗai. Tana cewa, "Ga ni na sake zuwa. Ban huce ba, kada ka ce na huce. Jiya na ga ɗan Ladi, sa'an Iliya, yana kora awaki, na kau da kai. Kai ka san abin da ka yi, ni ban sani ba, kuma ba ka gaya mini ba." Ta yi kuka mai isarta, ta fyace hanci da gefen zane. Sannan ta ce, "To, zan je in ɗora tukunya. Ka riƙe ni yau, gobe ma zan dawo."

Raina ya ɓaci. Na fito na ce, "Saratu, haka ake yi wa Allah magana?" Ko razana ba ta yi ba. Ta ce, "To wa zan gaya wa, Maigida? Ka rufe naka bakin, ka rufe na ɗiyarka. Nawa ne ya rage a gidan nan, shi ma so kake ka rufe?" Na ce ai rashin ladabi ne. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, amma kai ka karanta mana da bakinka cewa Yesu ma da yana kan gicciye ya ɗaga murya ya tambayi Ubansa dalili. Wa ya mare shi a kan haka?" Ta gyara goyonta. Har ta yi gaba ta juyo ta ce, "Zakaran nan ma na san inda ya tafi."

Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Matar da nake ganin ban gama koya mata addini ba, ashe ita ce ke riƙe da gidan a gaban Allah shekara biyu, ni ina ta buga ƙarfe. Na zauna a inda ta tashi. Na yi niyyar in yi irin tata, in zazzage wa Allah fushina. Na buɗe baki, abin da ya fito daban. Ashe ba fushi nake da shi ba, ɓuya nake yi masa. Na faɗi abin da nake ɓoyewa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, har rana ta take. Ban ji wata murya daga sama ba, kada in yi miki ƙarya. Amma na tashi na iya cin abinci, na iya ɗaukar Rahila, kuma daga ranar in na ce Uba, na san da wanda nake.

Da na zama mutumin kirki, daga gonar nan wurinki zan wuce. Ban je ba. Na ce a ina aka taɓa jin uba ya durƙusa wa ɗiyarsa. Sai na yi irin tamu ta maza, na sayo miki kallabi a Dutsin-Ma, na sayo miki takalmi, da aka ce mace ba ta boko na tsaya kai da fata sai kin yi. Kowane ɗaya a raina ban haƙuri ne, ina jira ki gane da kanki. Ke kuwa ki durƙusa ki ce na gode Baba, ki tashi da bakinki a rufe. Shekara bakwai ina wannan wauta. In kin ɓata wa wani, Hannatu, ko ƙaramin yaro ne, ko majinyacin da ba shi da kowa, ki buɗe baki ki ce na yi kuskure. Kallabi ba ya faɗin wannan.

Saura abin da na faɗa wa Allah a cikin gero, wanda saboda shi na ɗauki fensir.

Washegarin ranar da Iliya ya kwanta, da sassafe, Malam Sule ya yi sallama a ƙofar zaure. Na fita na same shi riƙe da jakinsa, ya ɗaura masa akumari, har ya shimfiɗa bargo a kai. Ya ce, "Bawa, na ji yaron ba lafiya. Yau ba ni da kasuwa. Ɗauko shi mu kai shi Dutsin-Ma tun da sauran ƙarfinsa, an ce allurar nan tana taimako in an je da wuri." Na dubi jakin. Hanyar ta ƙofar Baffa Tanko take bi, ta ratsa tsakiyar gari. Na hango kaina ina tafe a bayan jakin Musulmi da ɗana a kwance, mutanen da suka ji ni a kasuwa suna leƙe. Sai na ce masa, "Lafiya lau, Malam, ɗan zazzaɓi ne, ya ma ji sauƙi." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata, mu addu'a muke yi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja jakinsa ya tafi. A lokacin kina bayan rumbu a durƙushe.

Ban sani ba ko da mun je ranar zai rayu. Yara da yawa an kai su da wuri ba su dawo ba, ke ma za ki gani a aikinki. Akwai abin da ke hannun Allah wanda ni da ke ba za mu san dalilinsa ba sai mun gan shi ido da ido, kuma ni har yau ina tambayar sa. Amma kin yi tambaya a bakin kabari, kina da hakkin jin ɗan abin da na sani na amsarta. Kin ce me ya sa bai ji ba. Ni dai na ga taimako ya zo har ƙofar gidanmu da bargo a shimfiɗe tun kina cikin roƙon, ni na mayar da shi. Da kika yi tambayar nan a gaban mutane, Malam Sule yana tsaye, shi da ni mun san amsar. Abin da ya ɗaga hannuna ke nan.

Malam Sule bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Innarki kuwa sai shekaranjiya na gaya mata. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na ji kukan jakin daga ɗaki." Na ce me ya hana ta magana duk shekarun nan. Ta ce ta yi, ba dai da ni ba. Sannan ta ce, "Ɗiyarka za ka gaya wa, ita ce ke ɗauke da tabon a baki."

To na gaya miki. Ni Bawa, ubanki, na cuce ki, na cuci ƙanenki. Ina roƙon ki gafara. Ba na ce lallai ki yafe yau ba, kuma in za ki rubuto kada ki rubuto abin da ba ya ranki don ki faranta mini. In fushi ne ki rubuto shi, zan nemi inuwa in karanta, na cancanta.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki a garin da ba ki da kowa. Ya tsare ki daga cutar da za ki riƙa taɓawa da hannunki, ya ba ki malamai masu haƙuri da abokan zama masu tsoronsa. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga marasa lafiya, ya dawo mana da ke lafiya mu gan ki da idonmu. Rahila tana gaishe ki, Malam Ishaya da dukan masu bi na Wurma suna gaishe ki, Malam Sule ma ya ce a ce miki Allah ya ba da sa'a.

Ni kina iya ɗaukar shekaru ba ki ce mini komai ba, zan jira. Amma shi Ubangiji, ki koma ki yi masa magana, ko da daga tambayar nan za ki fara. Ba shi ya mare ki ba, Hannatu, ni ne.

Ubanki,
Bawa